Kotun Magani da Asirin Majinyaci: Ina Makomar Ɗan Daudu da Mai Harka?

Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken. Kimanin miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma suke, Kano na da kashi 16 cikin ɗari, Zamfara na biye mata da kashi 13.5. Dokar hukumar NDLEA kuwa ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da mallaka ko shan irin su wiwi da hodar iblis. Da za a aiwatar da wannan hukunci ko da a kan mutum ɗaya cikin goma ne, babu gidan yarin da zai ɗauke su. Shi ya sa harshen hukumomi ya fara sauyawa daga ɗauri zuwa magani. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar gidajen gyaran hali ta 2019 duk sun buɗe ƙofar hukuncin da ba na kulle ba, kuma wannan hanya, in an bi ta har ƙarshe, tana ɓullewa ne ga abin da ake kira kotun magani a wasu ƙasashe. Ina goyon bayan a kafa ta a Zamfara da sauran jihohinmu. Sai dai akwai wasu mutane da za su tsaya a gabanta, waɗanda da wuya wani ya ambace su a zaman tsara ta, alhali su ne za su fi kowa cutuwa in aka tsara ta da sakaci.

An fara irin wannan kotu a Mayami ta jihar Fulorida a Amurka a 1989, lokacin da shari'o'in hodar iblis suka cika kotuna har suka rasa inda za su sa kansu. Tsarinta ba shi da wuyar fahimta. Wanda aka kama da laifin da shaye-shaye ya jawo, ana ba shi zaɓi ya shiga jinya a ƙarƙashin idon alƙali maimakon ya tafi kurkuku. Yana zuwa wurin mai ba da shawara, ana gwada fitsarinsa a kai a kai, yana bayyana gaban alƙali duk mako ko duk wata na tsawon shekara ɗaya ko fiye. In ya kammala, a janye ƙarar ko a sassauta masa. In ya yi ta karya sharaɗi, a mayar da shi kotu ta yau da kullum. Alƙali da mai gabatar da ƙara da lauya da mai jinya suna zama su tattauna lamarin kowane mutum kafin a shiga kotu. A yau irin waɗannan kotuna sun kai dubbai a Amurka, kuma sun bazu zuwa Kanada da Ostireliya da wasu ƙasashe.

Ginshiƙin tsarin gaba ɗaya shi ne gaskiyar majinyaci. Mai ba da shawara ba ya tsayawa kan me aka sha. Yana tambayar yaushe aka fara, da wa ake sha, a ina ake kwana, wane baƙin ciki ne ke sa a koma ruwa bayan an yi wata uku ba a taɓa ba. Bahaushe ya ce ranar wanka ba a ɓoye cibi. To, yaya wanda nuna cibiyarsa ke iya kai shi ga bulala ko rajamu zai yi?

A can Amurka an lura da wannan matsala, ko da yake sigarta ta fi tamu sauƙi. Ƙididdigar gwamnatinsu ta 2015 ta nuna cewa kashi 39 cikin ɗari na manya masu sha'awar jinsinsu ko masu sha'awar jinsi biyu sun sha haramtacciyar ƙwaya a shekarar, alhali a sauran jama'a kashi 17 ne. Masanin lafiyar al'umma Ilan Meyer ya bayyana dalilin a 2003: zama cikin ɓoyo, da tsoron tonuwar asiri, da korar dangi, da tsangwamar yau da gobe, nauyi ne da ke taruwa a zuciya har mai shi ya nemi abin da zai kashe masa tunani. Saboda haka aka fara horar da ma'aikatan kotunan magani kan yadda za su karɓi waɗannan mutane, da matasan da ke cikin ruɗani ba su gama sanin kansu ba, ba tare da izgili ko tona asiri ba. Suna kuma da dokar tarayya tun shekarun 1970 wadda ta hana a yi amfani da bayanan jinyar shaye-shaye wajen tuhumar majinyaci sai bisa sharuɗɗa masu tsanani. Abin lura a nan shi ne, wannan kariya ta riga halatta mu'amalar jinsi ɗaya da kusan shekara 30, domin sai a 2003 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokokin jihohin da suka mayar da ita laifi. Ashe ƙasa na iya kare sirrin jinya ba tare da ta jira an warware muhawarar halas da haram ba.

A Zamfara lamarin ya wuce izgili. Kundin laifuka da ya fara aiki a Janairun 2000, bayan gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, ya tanadi bulala ɗari da ɗaurin shekara ɗaya ga wanda aka samu da luwaɗi in bai taɓa aure ba, rajamu in ya taɓa. Maɗigo kuma bulala da ɗauri. Tsohon kundin finalkod na Arewa ya sa namijin da ke shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan zaman banza. Dokar tarayya da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta ƙara da ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga wanda ya kafa ko ya tallafa wa ƙungiya ko taron masu wannan hali. Gaskiya ne ba a taɓa aiwatar da rajamu ba tun dawowar Shari'a, amma ana yanke shi: a tsakiyar 2022 wata kotu a Ningi ta jihar Bauchi ta yanke wa maza uku. Ke nan abin da mai jinya a Mayami zai rubuta a matsayin musabbabin ciwo, a Ƙaura Namoda iƙrari ne na laifin haddi. Kuma zaman tattaunawa na musamman da ake shirya wa irin waɗannan majinyata a can, a nan shi kansa zai iya faɗawa cikin haramcin dokar 2014. Kwafo tsarin yadda yake ba zai yiwu ba.

Su wa muke magana a kai? A nan ne nake ganin masu nazarin Hausa ke da abin faɗa wanda lauya da likita ba su da shi. Haruffan nan huɗu ko biyar da Turawa ke jerawa ba su dace da yadda al'ummarmu ta kasa mutanenta ba. Ɗan daudu sananne ne a garuruwan tasha da kasuwa, irin su Ƙaura Namoda inda layin dogo ya tuƙe da Shinkafi mai kasuwar Alhamis: yana tuyar nama da sayar da abinci, yana da salon magana da habaici, a da yana da wuri a bori da bukukuwa. Daudanci a idon jama'a ɗabi'a ce da sana'a, kuma ba kowane ɗan daudu ne ke neman maza ba. A ɗaya ɓangaren akwai waɗanda Rudolf Gaudio, a littafinsa na 2009 kan 'yan daudun Kano, ya nuna suna kiran kansu masu harka, da yawansu magidanta ne masu mata da 'ya'ya, ba su da wata alama a tafiya ko murya. Na farko ana yanke masa hukunci tun daga bakin ƙofa saboda yadda yake ɗaura zani ko karkaɗa hannu, ko da bai aikata komai ba. Na biyu ba wanda zai gane shi sai ya faɗa, kuma ba zai faɗa ba. Matan kuwa sun fi kowa ɓoyuwa. Sai kuma saurayi ɗan shekara 19 da bai san sunan abin da ke damunsa ba, ya dai san cewa in ya haɗiyi tiramol yana samun barci. Takardar tambayoyi da aka fassaro daga Ingilishi ba za ta ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Akwai kuma wata matsala ta harshe da ta fi wannan muni. Kalmar luwaɗi a bakin 'yan jarida da 'yan sanda tana ɗaukar abu biyu da ba su haɗa hanya ba: abin da baligai biyu suka yi da yardarsu, da fyaɗen da babba ya yi wa yaro. Kanun labari ɗaya ake ba su. Sakamakon haka, yaron da aka zalunta a makaranta ko a kango, wanda ya girma ya faɗa shaye-shaye saboda abin da aka yi masa, yana jin kalmar da za ta bayyana zaluncin ita ce kuma sunan laifin da za a jingina masa. Sai ya yi shiru. Duk mai aikin jinya ya san cewa cin zarafi a ƙuruciya na cikin manyan hanyoyin da ke kai mutum ga ƙwaya, saboda haka wannan cakuɗewar ma'ana tana toshe bakin mutane da yawa, har da waɗanda ba su da wata sha'awa ga jinsinsu.

Mu sauko ƙasa. A ce an kama matashi daga Sakajiki ko wani ƙauyen Zurmi da ƙwayoyi a aljihu. Laifin ƙwaya na Babbar Kotun Tarayya ne, wato sai Gusau, a kan hanyar da 'yan bindiga suka daɗe suna tarewa. In kuma Hisba ce ta kama shi a buge, yana iya tsintar kansa a kotun Shari'a ta garinsu, tunda kundin jihar ya hukunta shan abin maye. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya mafi kusa yana Kware ta jihar Sakkwato. Asibitocin Shinkafi da Zurmi, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke taimakawa, yara masu tamowa da masu raunin harsashi sun ishe su. Saboda haka duk jinyar da kotu za ta sa ido a kanta, a aikace a cikin gari za a yi ta, a hannun ma'aikacin lafiya ɗaya ko biyu. Shi wannan ma'aikaci da magatakardan kotu da ɗan Hisba da kawun majinyaci sahu ɗaya suke bi a masallaci. A babban birni sirri na iya ɓacewa cikin taro. A ƙaramin gari kalma ɗaya da ta suɓuce a majalisa bayan la'asar ta isa ta raba mutum da matarsa da rumfarsa, wani lokaci da ransa, domin taron fushi ba ya jiran alƙali.

Dangi ma, waɗanda su ne ƙarfin jinyar Bahaushe, a nan suna iya zama haɗari. Mu mun saba uba ko yaya ko miji ya raka mara lafiya har cikin ɗakin likita, ya amsa tambaya a madadinsa. Binciken 2019 ya nuna ɗaya cikin kowane masu shaye-shaye huɗu mace ce, kuma rahoton BBC na 2018 da ya sa gwamnati ta hana maganin tari mai kodin ya nuna yadda abin ya shiga cikin gidaje. Matar aure da ke shan kodin saboda wani abu da ba za ta iya faɗa wa mijinta ba, me za ta ce in yana zaune a gefenta?

Wannan tsoro an auna shi. Wani bincike da aka yi a Abuja, aka buga a mujallar Lancet HIV a 2015, ya bi maza masu mu'amala da maza kafin dokar 2014 da bayanta: masu tsoron zuwa asibiti sun tashi daga kashi 25 zuwa 38 cikin ɗari. Asibiti ke nan, inda babu alƙali. Dokokinmu kuma ba su ba su dalilin sakin jiki ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye bayanan majinyaci, amma ta togace inda kotu ta ba da umarni. Dokar shaida ta 2011 ta kare abin da mutum ya faɗa wa lauyansa, ba ta ba likita ko mai ba da shawara irin wannan kariya ba. A kotun magani, inda alƙali ne shugaban masu kula da jinyar, wannan giɓi ya zama ƙofa a buɗe. Mai hankali zai yi ƙarya, jinyar ta tafi a kan ƙarya, ya koma ruwa, a rubuta cewa ya ƙi gyaruwa, a tura shi kurkuku. An gudu ba a tsira ba.

Haɗari na biyu ya fito ne daga kalmar gyara kanta. Mun ga abin da ake yi da sunanta. A Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, wasu suna ba da labarin duka da lalata. Bayan makonni kaɗan aka buɗe irinsa a Daura da cikin Katsina. Iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu, da kyakkyawar niyya, domin a gyara musu hali. In aka ba alƙali ikon cewa wane ya warke, wane bai warke ba, ba tare da an iyakance masa ma'aunin warkewa ba, babu abin da zai hana ya ce ɗan daudu bai kammala ba sai ya sauya murya, ko sai ya yi aure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtuka tun 1990, kuma manyan ƙungiyoyin likitocin ƙwaƙwalwa sun bayyana cewa yunƙurin sauya ta da ƙarfi ba ya aiki, sai dai ya ƙara baƙin ciki da tunanin kashe kai. Auren dole da za a yi domin a gamsar da kotu kuwa, wata baiwar Allah ce za ta biya kuɗinsa. Ciwon da ya kawo mutum kotun magani shi ne ƙwaya, kuma a kansa kaɗai ya kamata a auna shi.

Na san abin da wani mai karatu zai ce: wannan ai rufa wa saɓo asiri ne, kuma jihar da ta ɗauki Shari'a ba za ta kafa wurin da ake jin laifin haddi a yi shiru ba. Ba na neman kowa ya sauya abin da ya yi imani da shi game da hukuncin aikin. Amsata daga cikin fiƙihun da muka gada take. Aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane. Almawardi, a littafinsa kan hukunce-hukuncen mulki, ya iyakance aikin mai hisba ga abin da ya bayyana, ya hana shi leƙa abin da aka rufe sai inda ake tsoron cutar da ba ta gyaruwa kamar kisa. Ƙissar Ma'izu sananniya ce a kowane zaure: Manzon Allah (SAW) ya yi ta kau da kai daga iƙrarinsa, kuma ya nuna wa wanda ya tura shi cewa rufa masa asiri ya fi. Malaman Malikiyya sun yarda mai iƙrari ya janye, kuma ƙa'idar tunkuɗe haddi da shubuha na cikin abin da kotunan ɗaukaka ƙara suka dogara da shi suka saki Safiya Husaini a Sakkwato a 2002 da Amina Lawal a Katsina a 2003. Shari'ar da ta tsananta sharuɗɗan shaida har haka ba ta nufin a mayar da ɗakin jinya tarko ba. Maganar da aka ciro daga bakin mara lafiya da alkawarin magani, a ƙarƙashin barazanar kurkuku, ba ta cika sharaɗin iƙrari na son rai ba ko a ma'aunin fiƙihu. Kuma ba banza Bahaushe ya sa rufin asiri a cikin addu'arsa ta kullum ba, ga kansa da wanda yake ƙauna.

Abin da nake nema a rubuta a dokar da za ta kafa kotun, tun kafin a naɗa alƙali na farko, ba shi da yawa. Rahoton mai jinya ga kotu ya tsaya kan halarta da sakamakon gwaji da ko ana samun ci gaba. Abin da aka faɗa a ɗakin shawara kada ya shiga fayil ɗin kotu, kada ya zama hujja a wata shari'a, ta tarayya ko ta jiha, kuma ma'aikacin da ya fitar da shi ya fuskanci hukunci mai suna a doka. Majinyaci ya samu ganawa shi kaɗai, shi ne kuma zai zaɓi wanda za a sanar a danginsa. Togaciya ɗaya ce ta wajaba, kuma a faɗa masa ita tun ranar farko: in maganarsa ta nuna ana cutar da yaro, ko ana tilasta wa wani, ko rai na cikin haɗari, ba za a rufe ba. Wannan katanga ba ta ambaci ɗan daudu ko mai harka ba, kuma ba ta bukatar ta ambace su, domin ita ce za ta kare matar da ta zubar da ciki, da yaron da ya taɓa kai wa 'yan bindiga saƙo don tsoro, da duk wanda ƙwayarsa ke da tushe a abin da ba ya faɗuwa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta riga ta amince da haƙƙin sirri da mutuncin majinyaci. Saura a ɗinke ta da dokar shaida.

Sauran aikin namu ne, mu na sassan Hausa a Gusau da Sakkwato da Kano da Zariya. Wani zai rubuta takardar tambayoyin da ma'aikacin lafiya zai karanta wa majinyaci a Zurmi, kuma in ba mu sa hannu ba, za a ba wani ya fassara ta cikin dare ɗaya da Hausar da Bazamfare zai ji ta baƙuwa. Tambayar da ta ce "kana luwaɗi?" tuhuma ce, amsarta a'a ce ko da yaushe. Wadda ta ce "akwai abin da ke damunka wanda ba ka iya faɗa wa kowa a gida?" tana barin mutum ya shigo da ƙafarsa, ya tsaya inda ya ga dama. Muna bukatar kalmar da za ta raba wanda aka yi wa fyaɗe da wanda ya yi, wadda 'yan jarida za su iya ɗauka. Muna bukatar nazarin yadda ma'aikatan asibiti da na kotu ke magana da ɗan daudu in ya zo gabansu, daga kiran suna har zuwa dariyar da ake yi in ya juya baya. Akwai kundayen digiri kan karin maganar 'yan daudu da habaicinsu a ɗakunan karatunmu, an tattara su a matsayin adon harshe. Waɗannan kundaye su ne abu na farko da ya kamata a miƙa wa duk kwamitin da za a ɗora wa horar da ma'aikatan kotun.